Injinan da Makaɗa Suka Ƙi Rabuwa da Su



Hirarmu ta yau ta kiɗa ce, amma ba mawaƙa za mu tattauna a kansu ba. Kayan aiki za mu duba, akwatunan nan masu maɓallai da wayoyi da ke jibge a situdiyo, waɗanda mai sauraro ba ya ganinsu, sai dai ya ji abin da ya fito daga cikinsu ya kaɗa kai. Akwai wanda ke ƙera sauti daga tsagwaron wutar lantarki, ba fata ba tsirkiya, shi ake kira sintesaiza. Akwai wanda ke ɗaukar guntun sautin da aka riga aka yi, ya ajiye, ya maimaita maka shi duk sanda ka taɓa, wato samfula. Sai kuma injin ganga, wanda za ka tsara masa bugu ya riƙe maka har gari ya waye.

Kamfanoni sun ƙera irin waɗannan ba iyaka, kowace shekara da sabon da ake cewa ya fi na bara. Amma ka tara masu haɗa kiɗa, ka ce kowa ya faɗi wanda ya kwanta masa a rai, sunayen da za ka yi ta ji ba su da yawa, kuma kusan duk tsofaffi ne. Abin da ya ja hankalina shi ne, da dama daga cikinsu injina ne da suka gaza a aikin da aka yi su dominsa, ko kuma suke da wata tawaya da injiniya zai so ya gyara. Makaɗa kuwa tawayar nan suka riƙe.

Mu fara da babban yaya, TR-808 na kamfanin Roland. Wani Bajapane mai suna Ikutaro Kakehashi, wanda ya fara neman abinci da gyaran agogo da rediyo, shi ya kafa Roland a birnin Osaka a 1972. A 1980 kamfanin ya fito da wannan injin ganga a kan dala 1,195. A shekarar ce kuma wani Ba'amurke, Roger Linn, ya fito da nasa, LM-1, wanda aka ɗauki sautin ganguna na gaske aka zuba a ciki. In ka ji na Linn, ka ji ganga. Sai dai kuɗinsa ya kusa dala 5,000, don a lokacin ma'adanar sauti ta kwamfuta tsada gare ta. Injiniyoyin Roland sun kauce wa wannan tsada, suka ce bari su kwaikwayi ganga da wayoyi da taransista kawai. Abin da ya fito bai yi kama da kowace ganga da ɗan Adam ya taɓa ɗaurewa ba. Babbar gangar wani dogon gunji ne mai zurfi, tafin kamar an karya busasshen kara, ƙararrawar kuwa ba a taɓa rataya irinta a wuyan saniya ba. Masu sharhi suka kushe shi, kasuwa ta ƙi, aka daina ƙera shi a 1983 bayan an yi kusan guda 12,000.

Kakehashi da bakinsa ya ba da labarin wani dalilin tsayar da shi. Ya ce wani shuuu da ke cikin sautin injin daga wasu taransista yake fitowa, waɗanda masana'anta ta gwada ta ce ba su cika sharaɗi ba, ta ware su. Su Roland ke saye da gangan. Da aikin masana'antu ya inganta, aka daina samun masu wannan lahani, sai aka rasa abin da za a ci gaba da ƙera injin da shi.

Ina so mai sauraro ya ga akwatin nan da idon zuci. Baƙi ne, a gabansa akwai maɓallai 16 a jere: huɗu ja, huɗu ruwan lemo, huɗu ruwan ɗorawa, huɗu fari. Wata 'yar fitila ce ke gudu a kansu daga hagu zuwa dama, ta kai ƙarshe ta dawo farko. Ka zaɓi babbar ganga, ka danna na ɗaya da na tara, duk sanda fitilar ta iso wajen sai ka ji dum. Ka murɗa ka zaɓi tafi, ka danna na biyar da na sha uku. Shi ke nan kiɗa ya tashi, ba ka san karatun kiɗa ba, ba ka taɓa riƙe gula ba. A sama kuma akwai wani ɗan murfi da ke ƙara wa babbar gangar tsawon numfashi. In ka murɗa shi har ƙarshe, bugun ba ya yankewa da wuri, sai ya yi ta gunji har ka ji shi a ƙirji kafin kunne ya gama tantance shi. Wannan ɗan murfin ya canja kiɗan duniya fiye da injina masu tsada da yawa.

Domin da kasuwa ta ƙi shi, sai ya gangaro shagunan kayan gwanjo, har ana samunsa ƙasa da dala 100. Su wa suka saya? Samarin unguwannin baƙar fata na Amurka, waɗanda ba su da kuɗin hayar makaɗa, ba su da kuɗin situdiyo. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Tun kafin nan ma alamu sun bayyana. A 1982 Marvin Gaye yana zaune a Beljiyam, bashi da damuwa sun yi masa katutu, ya ɗauki 808 ya gina waƙar da ta dawo masa da martabarsa a faifan Midnight Love, har ta ciyo masa kyautar Grammy. A shekarar dai Afrika Bambaataa da Arthur Baker suka fitar da Planet Rock a New York. Daga nan abin ya gangara Miyami, inda samari ke cika bayan mota da lasifika don a ji gunjin nan daga nesa, ya wuce Atlanta ya haifi salon tarap. A 2008 Kanye West ya sa lambar injin a sunan faifansa. Yau in ka ji yaro a situdiyo a Kaduna ko Legas yana cewa a ƙara masa 808, zai yiwu bai taɓa ganin akwatin ba, amma jikan sautinsa yake nema. Na asalin kuwa yanzu sai mai dubban daloli.

Ƙannensa biyu sun bi sawunsa. TB-303 na 1981 an yi shi ne don mai jita ya samu abokin gwaji mai riƙe masa bes a ɗaki. Bai yi kama da bes ba, tsara shi kuma ciwon kai ne, aka daina ƙera shi a 1984. Wasu samari uku a Shikago masu kiran kansu Phuture suka samo na hannu, suka bar shi yana maimaita abu ɗaya, su kuma suna ta murɗa murafensa yana wani irin ƙugi da tsuwa. Faifansu Acid Tracks na 1987 ya buɗe wani sabon babi na kiɗan rawa a Ingila da sauran Turai. TR-909 na 1983 shi ma bai yi kasuwa ba sai da matasan Shikago da Ditroyit suka tsince shi.

Shi ma Linn, mai injin gangar gaske, abin da ya faru da nasa abin lura ne. Wanda ya fi kowa fito da LM-1 shi ne Prince, kuma ba don ya yi kama da ganga ya so shi ba. Murɗa sautukan yake yi ƙasa har su tashi daga kamanninsu, bugun gefen ganga ya koma wani ƙwanƙwasa mai nauyi da kowa ke gane nasa ne.

Mu koma baya kaɗan, wajen sintesaiza. Na farko-farko da Robert Moog ya ƙera a shekarun 1960 katafaren abu ne mai cin bango guda, sai ka yi ta soka wayoyi daga wannan rami zuwa wancan kafin ka ji ko ƙyas. Akasari jami'o'i da manyan situdiyo ne ke iya saye. A 1970 kamfaninsa ya fito da Minimoog, wanda mutum ɗaya zai saɓa ya kai dandali. Maɓallansa 44, kuma murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, ko ka danna uku ɗaya za ka ji. Ba ya ajiye komai: in ka wahala ka samo wani sauti mai daɗi yau, gobe sai ka sake nemo shi da hannu. Sannan in ɗaki ya yi zafi ko sanyi, muryarsa kan zame daga inda aka saita ta. Wannan bai bambanta da abin da mai ganga ya sani ba, cewa fata kan saki da damina ta ɗaure da hunturu, sai ya gasa ta ko ya shafa mata ruwa kafin a fara. Masu Minimoog ma haka suke kunna shi ya ɗumama tukuna.

To me ya sa har yau in an ambaci sunansa tsofaffin makaɗa ke gyara zama? Kaurin muryarsa ne. Injiniyoyin da suka yi shi sun faɗa daga baya cewa an yi kuskuren lissafi, sautin da ke shiga matatar injin ya fi ƙarfin da aka nufa, shi ya ba shi wannan ɗumi da kauri, suka bar shi haka. Duk wanda ya ji bes ɗin da Bernie Worrell ya buga wa ƙungiyar Parliament a Flash Light a 1977 ya san abin da nake nufi. Akwai kuma wani abu da nake so a riƙe mini shi, don zan buƙace shi nan gaba. A hagun maɓallan akwai wata 'yar ƙafa kamar ta keke, in ka tura ta da yatsa sai muryar ta lanƙwasa sama ko ƙasa, ta bi ta tsakanin maɓalli da maɓalli. Fiyano ba ta iya wannan. Da wannan 'yar ƙafa mai maɓalli ya samu ya yi kuka da shagwaɓa irin na mai goge.

Ba duka ne suka sha ƙasa a kasuwa ba. DX7 na Yamaha, wanda ya fito a 1983, ya yi cinikin da ba a taɓa gani ba, sama da guda 100,000. Dabarar da ke cikinsa wani malami a Jami'ar Stanford, John Chowning, ya gano ta a 1967: in ka sa wani sauti ya riƙa girgiza wani da sauri ƙwarai, sai wani sabon amo ya fito mai kama da ƙarfe ko ƙararrawa. Kamfanonin Amurka da aka tallata wa ba su ga amfaninta ba, Yamaha ya karɓa. Sai dai injin ya zo da ɗan ƙaramin gilashi da lissafi mai rikitarwa, har mafi yawan masu shi suka haƙura da ƙera nasu sautin, suka tsaya a kan 32 da kamfani ya zuba. Shi ya sa in ka kunna waƙoƙin soyayya na Amurka na tsakiyar shekarun 1980, za ka yi ta jin fiyano guda mai ƙyalli kamar gilashi. Ni a ganina DX7 gargaɗi ne. Injin da zai iya fitar da sautuka marasa adadi ya ƙare yana maimaita kaɗan, saboda bai bar hannu ya yi wasa da shi ba. Ƙalilan irin su Brian Eno ne suka zauna suka koye shi, kuma abin da suka fitar bai yi kama da na kowa ba.

Kafin in wuce, Kakehashi ya cancanci a ƙara yaba masa. Shi da Dave Smith, mai kamfanin da ya yi sintesaizar Prophet-5, suka jagoranci yarjejeniyar MIDI ta 1983, wadda ta sa injin wannan kamfani ke iya magana da na wancan ta waya guda. Ba su sa mata kuɗi ba, kowa ya ɗauka kyauta. An ba su Grammy a kanta a 2013, kuma har gobe da ita kibod ɗin da ke situdiyon unguwarku ke magana da kwamfuta.

Sai samfula. Na farko da ya yi suna, Fairlight, daga Ostireliya ya fito a 1979, kuma kuɗinsa ya isa sayen gida, sai irin su Peter Gabriel da Kate Bush. Wanda talaka ya iya kaiwa gare shi, ya kuma so shi so na haƙiƙa, shi ne SP-1200 na kamfanin E-mu, na 1987. Daƙiƙa 10 kacal yake iya ɗauka, su ma a rabe gida huɗu. Me mutum zai yi da daƙiƙa biyu da rabi? Ga abin da samarin New York suka yi. Faifan garmaho da aka yi don ya juya sau 33 a minti, sai su sa shi a gudun 45, waƙar ta yi sauri, muryar ta sirance, su ɗauki guntun da suke so cikin ɗan lokacin da injin ya ba su. Sannan su sa injin ya rage gudun ya dawo daidai. Wajen ragewar nan sai sautin ya yi wani ƙura-ƙura, ya yi tsatsa, ya yi nauyi. Dabarar tsimin wuri ce, amma ita ta zama muryar hip-hop ta wancan zamani, ta su Pete Rock. Yau kwamfuta na ɗaukar sa'o'i ba ta ko tari, amma ana sayar da manhajoji na musamman don su mayar wa sauti wannan tsatsar.

Roger Linn ya sake dawowa a 1988, wannan karon tare da kamfanin Akai, da MPC60. Faifan roba 16 ne a kansa, huɗu-huɗu, kowanne ka ɗora masa sautin da ka ga dama ka buga da yatsu. Ka buga da ƙarfi ya yi ƙarfi, ka shafa ya yi sanyi. A nan ne injin ya koma hannun makaɗi sosai. A cikinsa akwai wani mai gyara: in bugunka ya riga lokaci ko ya makara, sai ya ja shi ya ajiye daidai kan layi. Kowa ya ji daɗin wannan, sai wani saurayi daga Ditroyit, James Yancey, wanda duniya ta sani da J Dilla. Shi kan kashe mai gyaran a MPC3000 ɗinsa, ko ya tura bugu gaba ko baya da gangan, babbar ganga ta ɗan riga, ƙaramar ta ɗan makara, kiɗan ya riƙa tafiya da wani ɗingishi mai daɗi. Questlove, makaɗin gangar ƙungiyar The Roots, ya sha faɗa cewa jin kiɗan Dilla ya sa ya sake salon bugunsa. A duba wannan da kyau: an yi inji don ya kwaikwayi mutum, ga mutum ƙwararre yana koyo daga abin da wani ya fitar da inji. Dilla ya rasu a watan Fabrairun 2006 yana da shekara 32, kwana uku bayan fitar faifansa Donuts. MPC ɗinsa na nan a gidan tarihin baƙar fatar Amurka da ke Washinton.

Labarin da ya fi burge ni kuwa daga Jamaika yake. Casio MT-40 ƙaramin kibod ne na wasan gida, na 1981. Wata matashiya mai suna Okuda Hiroko, sabuwar ma'aikaciya a kamfanin, wadda ta yi nazarin kiɗan rege a makarantar koyon kiɗa a Japan, ita aka ba aikin tsara 'yan kaɗe-kaɗen da ke cikinsa. Ɗaya daga ciki an rubuta masa sunan rok. Bayan 'yan shekaru kibod ɗin ya faɗa hannun wasu samari biyu a unguwar Waterhouse ta birnin Kinston, Noel Davey da Wayne Smith. Suka ci karo da wannan kiɗa, suka kai wa King Jammy, ya rage masa gudu, aka ɗora waƙa. Under Mi Sleng Teng ta fito a 1985, kuma daga ranar kiɗan Jamaika ya juya zuwa inji. An ɗora waƙoƙi ɗaruruwa a kan wannan kiɗa guda. Abin da wata baiwar Allah ta ji daga Jamaika ta ajiye a cikin abin wasa a Japan, shi ya koma gida, masu shi suka gane kayansu.

Jama'a, kada a ɗauka mu 'yan kallo ne a wannan tarihi. William Onyeabor yana Inugu da situdiyonsa da injinan Moog tun ƙarshen shekarun 1970, yana buga faifansa da kansa. Francis Bebey na Kamaru ya haɗa sintesaiza da kayan kiɗan gida a shekarun nan. A Yamai kuwa, Mamman Sani ya samu wani ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya naɗi kaset a 1978, yana ɗauko karin waƙoƙin gargajiyar Nijar yana bi da su ta cikin injin a hankali. Shekara da shekaru mutanen Nijar na jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Da kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da kaset ɗin a 2013, sai ga shi ana gayyatarsa Turai.

A Kano kuma, in za a tambayi masu kiɗan fim wane inji ne ya raine su, amsar ba ta wuce fiyanon Yamaha samfurin PSR. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan yadda waɗannan kibod suka shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, da yadda waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta buɗe ƙofar da har yau ba a rufe ba. Wanda ya taɓa shiga irin ɗakunan nan ya san yadda abin yake: ɗaki ƙarami, bango an manna masa katifa ko kwalin ƙwai, janareta na ruri a waje. Mawaƙi ya rera baiti ɗaya da baki, mai fiyano ya karkata kai yana lalube da hannun dama har ya kamo karin, ya zaɓi bugu, ya ɗora sarewa, ya ɗora abin da ya fi kusa da kalangu a cikin abin da injin ya ba shi. Kafin la'asar waƙa ta haɗu. An raina wannan kiɗa, an ce kiɗan fiyano ne, na nanaye ne, ba kiɗa ba ne. Ni ban yarda da rainin ba. Abin da samarin Waterhouse suka yi da Casio shi samarin Kano suka yi da Yamaha, kuma sun gina sana'ar da ke ciyar da dubban gidaje.

Amma akwai inda nake da damuwa, kuma ba zan ɓoye ba. Kukan makaɗan gargajiya gaskiya ne: bikin da dā ake kiran mutum takwas da kalangai, yanzu mutum ɗaya ne da lasifika. Bayan wannan akwai hasarar da kunne ke yi. Yanzu kowa na da manhajar FL Studio a kwamfuta, a ciki akwai 808, akwai Minimoog, akwai dangin DX7, duk wanda na ambata yau yana nan a kwaikwaye. Matasan Afirka ta Kudu sun shiga cikin manhajar nan, suka tono wani sauti da ba wanda ya damu da shi, suka murɗa shi ya zama gangar amapiyano da duniya ke rawa da ita. Mu kuwa sau da yawa sai mu ɗauki abin da aka zuba mana yadda yake, mu bar mai gyara ya jera kowane bugu a kan layi, mu sa Auto-Tune ya ja murya ya daidaita ta da maɓallan fiyano. Waƙa goma, kiɗa ɗaya.

Alhali abin da Dilla ya sha wahala ya nema, da abin da 'yar ƙafar Minimoog ke yi, duk suna cikin kalangu tun kaka da kakanni. Ku dubi mai kalangu da kyau in kun samu dama. Gangar na ƙarƙashin hammatarsa, tsirkiyoyi sun haɗa fatar gaba da ta baya. Ya buga da gula, kafin amon ya mutu ya matse hannu, muryar ta hau. Ya saki, ta sauko. Da haka yake bin hawa da saukar harshen Hausa har ka ji sunan mutum da kirarinsa ba a buɗe baki ba. Bugunsa kuma ba a kan layi yake ba, yana jiran numfashin mawaƙi, yana riga 'yan amshi da ƙiris. Ku saurari makaɗan Mamman Shata, ko kotson Narambaɗa, ku gwada tafa hannu daidai kamar agogo, za ku ji inda suke kaucewa su dawo. A wasu injina za ka tarar da sautin da aka sa wa sunan ganga mai magana, amma bugu ɗaya ne ko biyu da aka daskarar, ba matsi ba saki, don haka ba ta cewa komai.

Yamaha ya ƙera kibod na musamman don Indiya, da tabla a ciki, ya ƙera na Larabawa mai iya fitar da muryoyin da ke tsakanin maɓallai. Babu wanda zai zo daga kamfanin Yamaha ya zauna ya naɗar mana kalangu da kotso da kuntigi da gurmi yadda ya kamata, kuma ba ma buƙatar ya zo. Kowace kwamfutar situdiyo samfula ce da ta fi SP-1200 ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne furodusa ya kira mai kalangu, ya ba shi wuni guda gaban makirufo, ya buga a sake, ya buga a matse, ya buga yana matsewa, da ƙarfi da sanyi, ya yi dogayen jimloli ba ɗigo-ɗigo kawai ba. A kashe mai gyara lokacin ɗorawa. A biya shi kuɗin aikinsa, a rubuta sunansa a jikin waƙar, in ta yi kasuwa a tuna da shi.

Wanda kuma ya ga ya fi masa sauƙi ya tsakuro daga tsofaffin kaset, ya san cewa wannan hanya tana da haƙƙi a kanta. A Amurka an yi shekaru ana tsakure faifan mutane ba izini, har 1991 da Gilbert O'Sullivan ya kai Biz Markie kotu a New York, alƙali ya hana sayar da faifan, daga nan neman izini da biyan kuɗi ya zama dole. Muryar Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos ba kayan tsintuwa ba ne. Iyalansu na nan, a je a yi sallama a nemi izini kafin a danna maɓalli.